Ba Baiwa Ce Ta Kashe Su Ba



Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin mutane, 'yan boko da waɗanda ba su yi ba, wai mai baiwa ba ya daɗewa a duniya. Duk sanda aka tashi kafa mata hujja sai a miƙa hannu can Turai, a jero sunayen manyan masu tsara kiɗansu na da, irin wanda ake rubutawa a takarda makaɗa su duba su kaɗa da piyano da goge da sarewa, wanda ake kira kilasik. A ce ga Mozart ya tafi yana da shekara 35, Schubert 31, Chopin 39, Bizet 36, Pergolesi 26. Sai a girgiza kai a ce ai dama abin kirki ba ya jimawa, kamar dai baiwar ce ke cin mai ita daga ciki har ta ƙarar da shi.

Mu ba mu yarda da wannan magana ba, kuma muna ganin tana da illa. Ajali dai babu mai ja da shi, idan ya zo ya zo. Amma kowace mutuwa da sanadinta, kuma sanadin mutuwar waɗannan mutane yana da suna: tarin fuka, zazzaɓi, maganin likita da ya fi cutar muni, aiki ba hutu saboda bashi, harsashi. Wanda ya ce baiwa ce ta kashe su ya wanke duk waɗannan ke nan, ya kuma wanke mutanen da suka ci moriyarsu suka bar su a wahala.

Mu fara da Franz Schubert, don shi aka fi yi wa wannan kukan. An haife shi a Viyana, babban birnin Ostiriya, a 1797, ɗan malamin makaranta. Ya bar waƙoƙi sama da 600, ban da manyan kaɗe-kaɗe na tarin makaɗa da ake kira simfoni. Yawancin rayuwarsa a ɗakunan abokai ya yi ta, yau gidan wannan gobe gidan wancan. Waƙarsa da ta fara fita kasuwa a 1821, abokansa ne suka haɗa kuɗi aka buga, domin masu ɗab'i sun ƙi. Kafin nan an aika wa babban marubucin Jamus Goethe kundin waƙoƙinsa da Schubert ya sa wa kiɗa, aka dawo da kundin ko amsa babu. Duk tsawon rayuwarsa sau ɗaya tak aka shirya taron jama'a na kiɗansa shi kaɗai, ranar 26 ga Maris 1828, kuma kwana uku bayan nan shahararren mai goge Paganini ya fara wasa a garin, jaridu suka koma kansa. Wajen 1822 Schubert ya kamu da ciwon da akasarin masu tarihi suka ce tunjere ne, kuma maganin tunjere a lokacin zaiba ce, wadda ita kanta guba ce. A watan Nuwamba 1828 zazzaɓi ya kwantar da shi a gidan yayansa Ferdinand, ya rasu ranar 19 ga watan.

To ku dubi abin da masu maganar baiwa ba sa faɗa. Makonni biyu kafin rasuwarsa, Schubert ya je wurin wani malami mai suna Simon Sechter don ya ƙaro ilimin tsara muryoyin kiɗa. Mutumin da ya rubuta waƙa 600 ya koma ɗalibi. Wannan alamar wanda ya gama abin da ya zo yi ce? Shirin shekara talatin masu zuwa yake yi. Kuma abin da ya bari ma sai da aka sha wuya kafin a ji shi. Babbar simfoninsa ta ƙarshe tana jibge cikin takardu a gidan Ferdinand har Robert Schumann ya gano ta, aka kaɗa ta a Leipzig a 1839. Wadda ake kira “Marar Ƙarshe” kuwa tana ajiye a hannun wani abokinsa har 1865, shekara 37 bayan an binne shi. Garin da bai damu ya saurari mutum yana raye ba, shi ne daga baya ya kafa masa mutum-mutumi.

Ga lissafin da ya kamata a yi, amma ba a yi. Da Beethoven ya mutu a shekarun Schubert, da simfoni ɗaya kawai duniya ta ji daga gare shi. Ta tara, wadda ta fi kowace suna, a 1824 ya kammala ta yana da 53, kunnensa ma ya riga ya toshe. Da Bach ya mutu a shekarun Mozart, wato a 1720, da bai ma kai ga zuwa Leipzig ba, inda ya yi shekara 27 yana rubuta manyan ayyukansa. Brahms bai fitar da simfoninsa ta farko ba sai yana da 43. Haydn, wanda ya girmi Mozart da shekara 24 kuma aminai ne, ya tashi zuwa Landan yana da 58, ya rubuta simfoni 12 da suka fi duk na bayansa, ya kuma rayu har 77. Verdi na Italiya ya fitar da Otello yana da 73, Falstaff yana da 79. Waɗannan ba su da baiwa ne? Ko a gida, wa zai ce Shata bai da baiwa don ya haura saba'in kafin ya rasu a 1999?

Abin da ke faruwa shi ne ana tsince waɗanda suka mutu da wuri a jera, a bar waɗanda suka tsufa, sannan a ce ga hujja. Da irin wannan ƙidaya kana iya tabbatar da cewa dogaye ba sa daɗewa, ko masu hagu. Dubi 'yan gida ɗaya ma. Lili Boulanger ta Faransa ita ce mace ta farko da ta ci babbar gasar tsara kiɗa ta ƙasar a 1913, ciwon hanji da ta daɗe tana fama da shi ya kashe ta a 1918 tana da 24. Yayarta Nadia ta rayu har 1979, shekara 92, ta koyar da ɗaruruwan makaɗa, cikinsu har da Aaron Copland da Quincy Jones. Uwa ɗaya uba ɗaya, kiɗa ɗaya. Bambancin da ke tsakaninsu lafiyar jiki ce.

Shi kuwa Mozart, labarin mutuwarsa ya sha gishiri har ba a gane ainihin miyar. An ce abokin sana'arsa Salieri ne ya sa masa guba don hassada. Marubucin Rasha Pushkin ya yi wasan kwaikwayo a kai a 1830, fim ɗin Amadeus na 1984 ya ƙara baza zancen a duniya. Babu wata hujja. Wannan Salieri ɗin shi ya koyar da Schubert, har ɗan Mozart ɗin ma ya yi karatu a wurinsa. An ce wani baƙo marar suna ya zo ya sa shi rubuta kiɗan addu'ar mamaci, wai ashe nasa yake rubutawa. Baƙon ɗan aike ne na wani attajiri mai sarauta, Walsegg, wanda matarsa ta rasu, yake so ya sayi kiɗan a ɓoye ya nuna wa mutane a matsayin nasa. Ka ga ko a nan, abin da aka mayar aikin ƙaddara ashe cinikin satar fasaha ne. An ce an jefa shi ramin matsiyata. Gaskiyar ita ce an binne shi irin yadda dokar Viyana ta lokacin ta tanada wa duk wanda ba basarake ba. Kuma za mu faɗi gaskiya ko da ba ta taimaki maganarmu ba: Mozart ba fakiri ba ne. Yana da albashin fada, yana samun kuɗi, sai dai kashewar ta fi samun, wasiƙunsa na neman rance wurin abokinsa Puchberg suna nan har yau.

Abin da ya kashe shi ranar 5 ga Disamba 1791 zazzaɓi ne mai kumbura jiki, likitoci kuma suka tsaga masa jijiya suka zubar masa da jini, yadda aka saba a lokacin, wanda ba abin da zai ƙara wa marar lafiya sai rauni. Wasu masu bincike da suka duba rajistar mace-macen Viyana a 2009 sun ga cewa a makonnin nan samari da yawa sun mutu da irin wannan kumburi, abin da ke nuna annoba ce ta ratsa garin. Sauran samarin ba wanda ya ce baiwa ce ta kashe su, don ba wanda ya san sunansu. Mozart da matarsa Constanze sun haifi 'ya'ya shida, huɗu sun mutu suna jarirai. Zamanin ke nan: ba a san ƙwayar cuta ba, ruwan sha ba tsabta, likita na zuwa da aska.

Amma inda wannan magana ta fi ɓata mana rai shi ne batun tarin fuka, wato tibi. Turawan ƙarni na 19 sun mayar da wannan cuta ado. Suna ganin ramar da take sa wa da ɗashewar fata alamar taushin zuciya ce da zurfin tunani, har ya zama a manyan wasanninsu na waƙa, La traviata ta 1853 da La bohème ta 1896, jarumar da tari take mutuwa tana rera waƙa mai daɗi. Wanda ya taɓa jinyar mai tarin fuka ya san ba a waƙa a wannan hali. Jini ake tofarwa.

Frédéric Chopin, mutumin Folan da ya zauna a Paris, shi aka fi rataya wa wannan ado. A hunturun 1838 ya tafi tsibirin Mayoka na ƙasar Sifen tare da marubuciya George Sand da 'ya'yanta biyu, da fatan iskar can za ta yi masa magani. Da labarin tarinsa ya bazu, mai gidan da suka kama haya ya kore su, ya kuma nemi su biya kuɗin gyaran gida da kayan da za a ƙone. Suka ƙare a wani tsohon gidan ibada mai sanyi a kan dutse, a Valldemossa. Abin lura a nan, mutanen tsibirin sun fi likitocin Paris gaskiya, don su sun yarda cutar ana ɗaukarta, likitocin kuwa suna cewa gado ce; inda suka ɓata shi ne korar marar lafiya cikin ruwa da sanyi. Shekara goma bayan haka, juyin juya halin 1848 ya watsa masu kuɗin da yake koya wa 'ya'yansu piyano, abincinsa ya yanke. Dole ta sa ya tafi Ingila da Sikotlan yana wasa gida-gida cikin hayaƙin gawayi, ya kai har sai hadiminsa ya ɗauke shi ya hau da shi bene. Ya koma Paris ya rasu ranar 17 ga Oktoba 1849. Yayarsa ta ɗauki zuciyarsa a cikin kwalba ta kai Warso, tana nan a wata coci, kuma masanan da suka duba ta a 2014 sun ga alamun da suka dace da tarin fuka da ya taɓa rufin zuciya.

Carl Maria von Weber na Jamus ma haka. Ya san tarin ya ci ƙarfinsa, amma aka yi masa tayin kuɗi mai kauri ya zo Landan ya tsara wasan Oberon. Yana da mata da ƙananan yara biyu, ba abin da zai bar musu. Ya zauna ya koyi Turanci, ya tafi, ya jagoranci wasan a watan Afrilu 1826, aka wayi gari ranar 5 ga Yuni aka same shi ya rasu a ɗakin da aka sauke shi, yana shirin komawa gida, shekararsa 39. Magidanci ne da ya sayar da sauran numfashinsa don iyalinsa su ci abinci. Duk wanda ya baro garinsu ya zo neman na kai wa gida ya san wannan lissafi, ba sai an fassara masa ba.

Sai a 1882 Robert Koch ya gano ƙwayar da ke kawo tarin fuka, maganinta na farko kuma bai samu ba sai a shekarun 1940. Cutar da ta kashe Chopin da Weber da Pergolesi yau ana warkar da ita da ƙwayoyi na wata shida. Tunjeren Schubert allurar penisilin ke kashe shi. Duk da haka tarin fuka na kashe mutum sama da miliyan ɗaya a duniya kowace shekara, Najeriya kuma tana cikin ƙasashen da suka fi fama da shi, alhali gwaji da magani kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka ware. Shi ya sa muka ce maganar nan tana da illa. Mai cewa na kirki ba ya daɗewa, shi ne zai ga ƙaninsa yana tari sama da mako biyu yana ramewa, ya ce a bar wa Allah, maimakon ya kama hannunsa su tafi a gwada majinarsa.

Za a ce mana, to Mendelssohn fa? Ɗan mai banki ne, bai taɓa sanin yunwa ba, sarauniyar Ingila ma ta karɓe shi a fadarta, amma ya mutu yana da 38. Gaskiya ne, kuma ba mu ce talauci ne ya kashe kowa ba. Mendelssohn ciwon fashewar jijiyar ƙwaƙwalwa ne ya kashe shi a Nuwamba 1847, wata shida bayan irinsa ya kashe yayarsa Fanny, kuma ciwo ne da aka sani a danginsu. George Gershwin na Amurka ƙari ne a ƙwaƙwalwa, 1937, shi ma 38. Waɗannan cututtuka suna kashe manomi da direba da ɗan dako, ba sa tambayar ko ka iya piyano. George Butterworth na Ingila harsashi ya same shi a fagen daga na Somme a 1916 yana da 31. Gideon Klein, Bayahude ɗan ƙasar Cek, a sansanin 'yan Nazi ya mutu a 1945 yana da 25. Ginette Neveu mai goge jirgin sama ne ya faɗi da ita a 1949, duk wanda ke ciki ya mutu. Ko akwai mai ƙarfin halin da zai ce baiwa ce ta jawo harsashin?

Sannan a tambaya, wa ke cin ribar wannan tatsuniya? Pergolesi ya mutu a 1736 a wani gidan ibada kusa da Naples, sunansa bai yi wani nisa ba. Da labarin yaron da ya mutu yana da 26 ya fara sayuwa, sai masu ɗab'i suka riƙa kwaso kiɗan wasu suna buga sunansa a kai. Abin ya kai har Stravinsky ya gina wasansa Pulcinella a 1920 kan kiɗan da ya ɗauka duk na Pergolesi ne, daga baya aka gano da yawa na wasu ne. Bizet ya ga an karɓi Carmen da sanyin jiki a Paris ranar 3 ga Maris 1875, jaridu suka caccake shi, ya mutu wata uku cif bayan nan. A watan Oktoba aka yi wasan a Viyana ya karɓu, yau yana cikin waɗanda aka fi yi a duniya. Mamaci ba ya neman kasonsa, ba ya kai ƙara, ba ya cewa wannan ba nawa ba ne. Shi ya sa ɗan kasuwa ya fi son sa.

Wanda ya fi kusa da mu a cikinsu shi ne Samuel Coleridge-Taylor. An haife shi a Landan a 1875, mahaifinsa likita ne ɗan Saliyo da ya koma Afirka ta Yamma, mahaifiyarsa Baturiyar Ingila ce ta rene shi. Yana da shekara 23, a 1898, ya fitar da wani kiɗa na tarin mawaƙa mai suna Hiawatha's Wedding Feast. Ƙungiyoyin mawaƙa a duk faɗin Ingila suka rungume shi, takardunsa suka sayu dubbai ɗaruruwa. Sau uku ya je Amurka, shugaban ƙasa Theodore Roosevelt ya karɓe shi a fadarsa a 1904, a lokacin da baƙar fata ba ya shiga ta ƙofar gaba a wurare da yawa na ƙasar. Amma tun farko, yana saurayi mai buƙatar kuɗi, ya sayar wa kamfanin ɗab'i na Novello haƙƙin mallakar kiɗan kacokan a kan fam 15 da sule 15. Ko kwabo bai ƙara samu daga cinikin ba. Wanda ya san yadda mawaƙanmu suka riƙa sayar wa 'yan kasuwa waƙa sau ɗaya, su kuma su yi ta buga kaset da faifai shekara da shekaru, ya san irin wannan ciniki.

Don ya ciyar da mata da 'ya'ya biyu, Coleridge-Taylor ya riƙa koyarwa a makarantu da dama, yana jagorantar ƙungiyoyin makaɗa, yana alƙalancin gasa daga wannan gari zuwa wancan a jirgin ƙasa. A ƙarshen Agusta 1912 ya yanke jiki ya faɗi a tashar jirgi ta West Croydon, ranar 1 ga Satumba ciwon nimoniya ya kashe shi yana da 37. Da aka ga halin da ya bar iyalinsa, sai da aka shirya taron kiɗa na tara musu gudummawa, Sarki George na Biyar kuma ya yanka wa matarsa fansho na fam 100 a shekara. Abin kunyar ya tayar da muhawara a jaridun Ingila, yana kuma cikin abubuwan da suka ƙarfafa kafa ƙungiyar karɓar wa masu tsara kiɗa haƙƙinsu a ƙasar a 1914. Daga 1924 har zuwa 1939 ana cika babban zauren Royal Albert Hall na Landan kusan kowace shekara don kallon Hiawatha, da ɗaruruwan mawaƙa a dandali, makonni biyu a jere. Haƙƙin mallakar takardun kiɗan kuwa a duk tsawon wancan lokaci a hannun kamfanin da ya saye shi fam 15 da sule 15 yake.